Babi na 7: Koya wa Yara Rabi, Rubu'i da Sulusi da Abin da Ido Ke Gani

Ku tanadi gurasa biyu, wuƙa, farar takarda, ƙwayar gyaɗa 12, da alli ko gawayi.

Darasi na 1: Rabi

Ku ajiye gurasa ɗaya a faranti, yaro ya taɓa ta, ku ce masa: "Wannan guda ce cikakkiya." Sai ku yanka ta gida biyu. Kada ku faɗi sunan komai tukuna. Ku ɗora yanki ɗaya a kan ɗan'uwansa. Sun yi daidai, babu wanda ya leƙo? To, kowanne sunansa rabi.

A nan ne na fi ganin ana tuntuɓe. Na sha ganin uwa ta yanka, ɗaya ƙato ɗaya ɗan mitsitsi, ta ce wa yaro: "Ungo babban rabi." Babu babban rabi, babu ƙaramin rabi. In ɗaya ya fi ɗaya, gutsure ne kawai. Ku ɗora ku gani. In bai yi daidai ba, ba komai, kowa yana kuskure a farko. Ku ɗauki gurasa ta biyu ku sake yankawa, ku sake ɗorawa. Gurasa ta ƙare? Ku ninke takarda, baki ya haɗu da baki, ku danne da farce, ku yaga a kan layin, sannan ku ɗora. Yaron ma ya ɗora da hannunsa.

Yanzu rubutu. Ku ja gajeren layi a kwance. Ku fara da ƙasa, ku rubuta 2: gida nawa aka raba ke nan. A sama ku rubuta 1: nawa aka ɗauka ke nan. Ana karanta shi "ɗaya bisa biyu". A littafi za ku gan shi haka: 1/2.

Darasi na 2: Rubu'i

Ku ninke sabuwar takarda sau biyu, ku buɗe, ku yaga a kan layukan, gida huɗu ke nan. Kowanne rubu'i ne, wato kwata, 1/4. Kalmar ba baƙuwa ba ce, kun sha jin ta wajen rabon gado: a aya ta 12 ta Suratun Nisa'i, matar mamaci tana da rubu'i in bai bar ɗa ko 'ya ba, sumuni, wato ɗaya bisa takwas, in ya bari.

Yaro zai ce 1/4 ya fi 1/2, tun da 4 ta fi 2. Kada ku yi masa tsawa. Ku ɗora rubu'i a kan rabi, ya gani da idonsa. Amma ku fara ɗora guda huɗun a kan juna, ku tabbatar sun yi daidai.

Dole in yi muku faɗa. Waɗansunku suna tsallake ɗorawar nan saboda gaggawa, suna sa yara haddar "ɗaya bisa huɗu" kamar waƙa. Wannan ganganci ne. Yaron da bai ɗora ba bai koya ba, kuma laifin naku ne. Minti biyu fa kawai!

Darasi na 3: Sulusi

Ku kasa gyaɗa 12 kashi uku. Yaro ya ƙirga, kowane kashi ya zama 4. Kashi ɗaya shi ne sulusi, 1/3.

Darasi na 4: Sumuni

Ku ninke takarda sau uku, gida takwas. Kowanne 1/8. Ku ɗora.