Idan An Sa Naka a Na'urar Numfashi

Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin kulawa ta musamman a nan Sakkwato. Maganar da na fi ji a bakin masu jinya ita ce, "Hajiya, tunda an sa Baba a inji, ai sai haƙuri." A'a. Na'urar ba magani ba ce, wahalar numfashi take ɗauke wa mutum har magani ya kama.

Likita zai zura bututu ta baki zuwa maƙogwaro, ya hura ɗan balan-balan da ke ƙarshensa don kada iska ta zurare, kada kuma miyau ya gangara huhu. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Na'urar tana iya kai shi 100, amma da an samu sauƙi muke ragewa, don yawansa ma yana yi wa huhu illa. Kowane numfashi a aune yake: mililita 6 zuwa 8 ga kowane kilo na nauyin da ya dace da tsawon mutum. Mai kilo 60 ke nan abin da ke shiga masa bai cika ledar fiya wata ɗaya ba. Akan bar ɗan matsi a huhu bayan fitar iska don kada ya manne, a kuma ɗumama iskar a jiƙa ta, in ba haka ba kaki ya daskare ya toshe bututu.

Idan ka shigo, fara da wanke hannu. Kada ka sauke kan gadon wai don ya ji daɗin kwanciya, da gangan muka ɗaga shi digiri 30 zuwa 45 saboda gudun ciwon huhu. Kada ka ɗiga masa komai a baki, ko zamzam ne ko rubutu, zai iya gangarawa cikin huhu. Na san da kyakkyawar niyya ake yi, amma shafa masa a goshi ya wadatar. Yi masa magana, yi masa addu'a a kunne. Ba zai amsa ba, bututun ya ratsa inda murya ke fita.

In na'urar ta yi ƙara, kira mu, kada ka taɓa maɓalli. Sau da yawa tari ne, ko kaki, ko ya ciji bututu. Wani lokaci tiyon da ke haɗa na'urar da bututun ne ya cire, wannan kuwa ba ya jira. In an ɗauke wuta tana da batir kafin janareta ya tashi, ga kuma jakar roba a gefen gado da muke matsawa da hannu mu hura masa iska.

Ranar cirewa, sai mun ga yana jan numfashi da kansa tukuna. Muryarsa za ta dishe na ɗan lokaci. Ku riƙe kunun da kuka damo daga gida har mu gwada haɗiyarsa da ɗan ruwa a cokali.