Sankarar Burkitt a yara: yadda ake gane ta da matakan da ake bi

Abin da ya bambanta sankarar Burkitt da sauran nau'o'in ciwon daji shi ne saurinta. Ƙwayoyinta kan ninka cikin awa 24 zuwa 48, don haka kumburin da iyaye suka raina a farkon mako yana iya karkata fuskar yaro kafin mako biyu su cika. Ta samo sunanta daga likitan tiyata Denis Burkitt, wanda ya bayyana ta a 1958 bayan ya ga yara da dama masu kumburin muƙamuƙi a Yuganda. Tana tasowa ne daga fararen ƙwayoyin jini da ake kira B, kuma a yankunan Afirka da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, ta fi kama yara 'yan shekara 4 zuwa 7, maza fiye da mata. Yawan kamuwa da zazzaɓin, haɗe da ƙwayar cutar Epstein-Barr, su ne ke share mata hanya. Yaro mai ɗauke da HIV ma yana cikin haɗari.

A duba bakin yaron da kyau. Kumburin muƙamuƙi mai tauri, wanda sau da yawa ba ya zafi, haƙora suna girgiɗi ko suna kaucewa daga layinsu alhali lokacin famfara bai yi ba, dasashi ya tasa, wani lokacin ido ya turo waje. Nan ne ake yawan yin kuskure: a ce hangum ne, ko ciwon haƙori, a cire haƙorin, a yi ta ba da maganin ƙwayoyin cuta. Hangum yana sacewa da kansa cikin kwana goma ko ƙasa da haka, wannan kuwa kullum ƙaruwa yake. Wasu yaran ba su da komai a fuska, ciki ne ke kumbura, da amai da rama. Idan ƙafafu suka fara rasa ƙarfi ko yaro ya kasa riƙe fitsari, ƙarin ya danne laka ke nan, a kai shi asibiti a ranar.

Kada a tsaga kumburin ko a gasa shi. Kada kuma a ba da magungunan rage kumburi irin su prednisolone ko dexamethasone kafin a ɗauki samfur, domin suna narkar da ƙarin na ɗan lokaci su ɓata sakamakon gwaji.

A asibiti za a ɗebi ɗan tsoka ko a zuƙo ƙwayoyi da allura a duba. Sai hoton ciki, gwajin jini da na ƙoda, gwajin HIV, da ɗibar ɓargo da ruwan laka don a san iyakar yaɗuwarta.

Maganinta allurai ne na kashe ƙwayoyin daji, ba tiyata ba: cyclophosphamide, vincristine, methotrexate da makamantansu, zagaye-zagaye na 'yan watanni, wasu ana zuba su cikin ruwan laka don kare ƙwaƙwalwa. Kwanakin farko su ne mafi hatsari. Ƙwayoyin ƙarin suna mutuwa a lokaci guda, su zubar da potassium, phosphate da gishirin uric cikin jini, abin da kan toshe ƙoda ko ya rikita bugun zuciya. Shi ya sa ake fara ƙarin ruwa mai yawa, kimanin lita 3 a kan kowace murabba'in mita ta faɗin jiki a rana, tare da allopurinol, maganin rage gishirin uric, tun kafin allurar farko. Mai jinya ya riƙa lura da yawan fitsari, ya faɗa wa ma'aikata da zarar ya ragu.

Tsakanin zagaye garkuwar jiki kan faɗi, musamman daga kwana 7 zuwa 14 bayan allura. Idan zafin jiki ya kai digiri 38 na ma'aunin Celsius, a koma asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. Ba a tsayawa a ga abin da paracetamol zai yi.

Kumburin yakan sace cikin 'yan kwanaki da fara magani, kuma a nan ne iyaye da yawa ke ɗauke yaro su tafi gida, suna ganin ya warke. Ragowar ƙwayoyin suna nan, kuma idan ciwon ya dawo ya fi wuyar magani nesa ba kusa ba. Inda ake kammala dukkan zagayen da cikakkiyar kulawa, kusan yara 9 cikin 10 suna warkewa. Dawowar ciwon, in za ta faru, galibi cikin shekarar farko ce, don haka a riƙa zuwa duba lafiya a kan kari har shekarar ta cika.