Darasi na Tara: Gwajin Istirojin da Ƙirga Kwanakin Al'ada

Wata ɗalibar ajinmu na yamma a Agege ta zo da takardar lab a ninke cikin jakarta. Shekara uku da aure shiru, likita ya tura ta gwajin jini. Ta ɗora yatsa inda aka rubuta E2 da lamba a gabansa, ta ce, "Malama, wannan mai kyau ce ko maras kyau?" Na ce, "Ranar da aka ɗebi jinin, kwana nawa da fara al'adarki?" Ta yi tsuru-tsuru, ba ta riƙe ba. To ko likitan da ya tura ta, sai da wannan ranar zai iya karanta lambar.

Istirojin sinadari ne da jiki yake haɗawa da kansa, ya zuba cikin jini. A jikin mace yawancinsa daga gidan ƙwai yake fitowa. Shi ke fito da ƙirjin yarinya in ta balaga, shi ke kaurara bangon mahaifa duk wata, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashi. Manyan irinsa uku ne. E2 shi ne na mace mai al'ada, shi aka fi aunawa. E1 ke rinjaye bayan al'ada ta ɗauke, E3 kuwa na mai juna biyu ne, daga mabiyiya.

E2 ba ya tsayawa wuri ɗaya. A farkon al'ada yana ƙasa, sai ya riƙa hawa har ya kai ƙololuwa dab da fitar ƙwai, sannan ya sauko. Lambar da take daidai a tsakiyar wata, in aka gan ta a rana ta uku, abin bincike ce. Shi ya sa mai neman haihuwa yawanci ake ce mata ta zo rana ta 2 ko ta 3, a haɗa da wasu gwaje-gwajen, na FSH da LH, sinadaran da ke sa ƙwai ya nuna ya fito.

A nan mata ke kuskure. Rana ta ɗaya ita ce ranar da jini ya zubo sosai, ba ranar ɗan ɗigo ba. Na san da yawanku da ranar ajiye salla kuke ƙirgawa, amma wata tana ajiyewa tun daga ɗigon, lissafin asibiti ya goce. Ki yi alama a kalanda, da kwanan watan Bature, don da shi lab ke aiki. Kuma a Legas kada ki bari sai ranar ta zo. Ko asibitin koyarwa na Idi-Araba za ki, ko na Ikeja, ko ƙaramin lab na unguwa, ki tambayi lokacin buɗewa tun da wuri, cunkoson hanya ba ya jiran kowa.

Ɗibar jinin ba wuya, daga jijiyar hannu ne cikin 'yar kwalba. Galibi ba sai kin ƙi cin abinci ba, sai in an haɗa da gwajin da ke buƙatar haka. Amma ki faɗi duk abin da kike sha: ƙwayar tsarin iyali, maganin neman haihuwa, biotin na gyaran gashi, har da tsimi da sauran kayan mata. Kunya a nan asarar kuɗin gwaji ce.

Ki duba ƙananan haruffan da ke bayan lambar. Wani lab pg/mL yake rubutawa, wani pmol/L. Ɗari a ma'aunin farko wajen 367 ne a na biyu, don haka kada ki jera takardarki da ta maƙwabciya ki tada hankalinki.

Ana yin gwajin ga wadda al'adarta ta tsaya ba ciki, ga yarinyar da ƙirjinta ya fara fitowa kafin shekara 8, da masu dashen ciki a asibiti, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje a dasa a mahaifa. Maza ma suna da ɗan istirojin. Ƙiba ko ciwon hanta kan ƙara shi har ƙirjin namiji ya tasa. Wadda ta haura 45 kuwa, al'ada na yi mata wasa, zafi na taso mata da dare, sau da yawa bayaninta ya ishi likita.

Aiki: Jini ya zubo sosai ranar Talata, 4 ga wata. Ki rubuta a littafinki sunan rana ta 3 da kwanan watanta, sannan ki karanta wa ta kusa da ke.