Darasi: Taimakon Gaggawa Idan Haƙori Ya Sami Matsala

Ba kowane ciwon haƙori ne ke jiran gari ya waye ba. Wani ana iya lallaɓa shi da magani har safe. Wani minti talatin ne tsakaninsa da asara. Wani kuwa rai yake nema. A wannan darasi za mu koyi yadda ake bambance su, da abin da za mu yi da hannunmu kafin mu isa wurin likitan haƙori.

Idan haƙori ya fice ɗungurungum

Wannan ya fi faruwa ga haƙoran gaba na sama: yaro ya faɗi a filin ƙwallo, ko babur ya kayar da mutum, ko an yi dambe. Mutane da yawa ba su san ana iya mayar da haƙori gurbinsa ya kama ba. Ana iyawa, amma sai an yi sauri.

Ga dalili. A jikin saiwar haƙori akwai wata siririyar tantani mai rai, ita ce ke riƙe shi da ƙashin muƙamuƙi. Muddin tana da danshi tana raye. Da zarar ta bushe sai ta fara mutuwa, kuma idan haƙori ya yi awa guda a bushe, da wuya ya kama yadda ake so.

1. A ɗauki haƙorin ta farin kansa, wato wajen da ake gani a baki. Kada a taɓa saiwar.
2. Idan ƙasa ta ɓata shi, a ɗauraye da madara ko ruwa mai tsabta na ɗan lokaci kaɗan, kamar a ƙirga ɗaya zuwa goma. Ban da sabulu, ban da buroshi, ban da kankara da farce.
3. A duba gabansa da bayansa, a tura shi a hankali cikin gurbinsa har ya yi daidai da na kusa da shi.
4. A naɗe tsumma mai tsabta, a ciza a kai don ya zauna, a kama hanyar asibiti.

Idan tsoro ko zafi ya hana a mayar, sai a tsoma shi a madara sabuwa. Nono mai tsami da kindirmo ba su yi, domin tsamin yana kashe tantanin nan. Idan babu madara, ruwan ORS da ake haɗa wa mai gudawa zai yi, ko mai haƙorin ya tofa miyau a ƙaramin kofi a saka a ciki. Ruwa zalla na ɗauraya ne kawai, ba na jiƙawa ba. Mafi muni shi ne a ƙunshe shi a takarda ko a ƙulle a bakin zane, inda zai bushe ƙarau.

A asibiti likita zai ɗaure haƙorin da na gefensa da siririyar waya, yawanci na mako biyu. Idan a ƙasa aka faɗi, za a tambayi yaushe aka yi allurar tetanus.

Akwai togaciya. Haƙoran yarinta guda 20 ba a mayar da su idan sun fice, domin a ƙarƙashin kowanne akwai haƙorin girma da ke tasowa, kuma turawa na iya lalata shi. Yara kan fara famfara wajen shekara 6. Saboda haka haƙorin gaba na ɗan shekara 4 ba na mayarwa ba ne, na ɗan shekara 9 kuwa kusan ko yaushe na girma ne. Idan an kasa ganewa, a saka a madara, likita ya raba gardama.

Haƙorin da ya gutsure kawai, a nemo guntun a saka shi a madara shi ma, wani lokaci ana iya manna shi. Idan an hango ja ko jini a tsakiyar wurin da ya karye, an kai ga jijiya ke nan, a je asibiti a ranar.

Zogin da ke hana barci

Babu tsutsa a cikin haƙori. Abin da ke faruwa shi ne ƙwayoyin cuta na baki suna cin ragowar zaƙi, su fitar da tsami, tsamin ya riƙa cin haƙori har ya yi kogo. Idan kogon ya kai tsakiya, inda jijiya take, sai zogi ya tashi, ya fi tsanani idan an kwanta. Masu yawo kasuwa-kasuwa suna cewa suna ciro tsutsa, kuɗin mutane kawai suke cirowa.

Kafin safiya, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, a kurkure baki a zubar. A sakace abincin da ya maƙale a hankali. A ɗaga kai da matashi biyu wajen kwanciya. Babban mutum zai iya shan farasitamol mai lamba 500, ƙwaya 2 bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, domin wuce haka yana lalata hanta. A kula, Panadol farasitamol ne, kuma magungunan mura da dama suna ɗauke da shi, saboda haka a haɗa lissafin duka. Ibuprofen mai lamba 400 ma yana aiki sosai ga haƙori, ƙwaya 1 bayan kowace awa 8, bayan an ci abinci, amma ban da mai olsa, da mai ciwon ƙoda, da mace mai juna biyu. Yara kuwa gwargwadon nauyinsu ake auna musu, a tambayi ma'aikacin lafiya, kuma ba a ba su asfirin.

Kanumfari yana ɗan kashe zafi, da gaske ne, har likitoci na amfani da sinadarin da ke cikinsa. Sai dai ba ya toshe kogo. Amma ruwan batir, da fetur, da kanwa, da garin taba, da danna ƙwayar asfirin a kan dasashi, duk ƙona nama suke yi. A zo da ciwo ɗaya a koma da biyu.

Wani abu yana yaudarar mutane ƙwarai. Bayan kwanaki ana fama, sai zogin ya ɗauke ɗif, mutum ya ce ya warke. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu, cutar kuma ta gangara ƙarshen saiwa tana tara mugunya. Wannan shirun lokacin zuwa asibiti ne.

Kumburin da ba a kwana da shi

Mugunya idan ta taru sai ta nemi hanya. Wani lokaci ta ɓullo a dasashi kamar ƙurji, wani lokaci ta bi cikin kunci, ko ƙarƙashin harshe, ko wuya. Na ƙarƙashin harshe shi ne mafi haɗari, domin yana tura harshe sama da baya har ya toshe hanyar numfashi.

Idan kumburi ya sauka ƙarƙashin haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa, ko baki ya ƙi buɗuwa har yatsu biyu su shiga, ko haɗiyar miyau ta gagara, ko murya ta canja, ko numfashi na wahala, ko ga zazzaɓi da rawar ɗari, to ba maganar kemis ba ce. A tafi sashen gaggawa na babban asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A bar maras lafiya a zaune a cikin mota, kada a kwantar da shi rigingine. Mai ciwon suga ya fi kowa saurin shiga wannan hali.

Kada a gasa kumburi da ruwan zafi, kada a tsaga da reza. A naɗe ƙanƙara ko ruwan leda mai sanyi a tsumma, a ɗora a kunci minti 10 zuwa 15. Kafso da ake saye barkatai yana iya lafar da kumburi na ɗan lokaci, amma tushen yana nan. Sai an fitar da mugunyar, sannan a wanke cikin saiwar a toshe, ko a cire haƙorin.

Iyaye su lura da yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman masu tamowa ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda. Gyambo a dasashi, da warin baki mai tsanani, da kunci da ya kumbura ya fara baƙi, alamu ne na wata cuta da likitoci ke kira noma, mai cin fuska cikin 'yan kwanaki. Idan an kama ta da wuri magani na tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibitin yara na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a Disambar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci.

Jini bayan cire haƙori, da karayar muƙamuƙi

A naɗe bandeji ko tsumma mai tsabta, a ɗora daidai kan ramin, a ciza da ƙarfi minti 20 zuwa 30 ba tare da ɗagawa ana leƙe ba. Jinin da ya daskare a ramin shi ne murfinsa. Tofe-tofe, da kurkura a ranar farko, da shan taba, da abinci mai zafi suna kore shi, sai ƙashi ya zauna a buɗe, zogi mai tsanani ya dawo bayan kwana 2 zuwa 4. Idan an ciza sau biyu jini bai tsaya ba, a koma asibiti.

Bayan haɗari, idan haƙoran sama da na ƙasa sun daina haɗuwa yadda suka saba, a ɗauka muƙamuƙi ya karye. A zagayo da ɗankwali ta ƙarƙashin haɓa a ɗaure a ka, ɗaurin da za a iya kwancewa da sauri idan amai ya taso. Irin wannan aikin manyan asibitoci ne, kamar asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato, ba na mai ɗori ba.

Duk wanda za shi asibiti ya tafi da kwalayen magungunan da yake sha. Ya faɗa wa likita idan yana da hawan jini, ko suga, ko sikila, ko yana shan maganin tsinka jini, mace kuma ta faɗa idan tana da ciki.

Aikin aji

Kowa ya binciko asibiti mafi kusa da gidansa da ke da likitan haƙori, da ranakun da yake zama, da kuɗin mota zuwa can. A rubuta a bangon littafi, a kawo a darasi mai zuwa.