Yadda za ka gyara ɗakin ƙarƙashin ƙasa da hannunka, ko da ba ka taɓa riƙe guduma ba

Wanda ya sayi gida a Kanada ko arewacin Amurka yakan tarar da wani makeken fili a ƙarƙashin gidan: kankare tsirara, bututu ta ko'ina, kwan lantarki ɗaya yana reto. Mu kuwa da mun gani sai zuciya ta ce ga masaukin baƙi, ga wurin walimar suna. Zai yiwu, amma kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka gama da maganar ruwa.

Samo leda mai kauri, ka yanka kamar ƙafa biyu tsawo da faɗi, ka manna ɗaya a bango ɗaya a daɓe, ka toshe gefunan da salatif. Bar su kwana biyu. In ka ɗaga ka ga danshi a ƙarƙashi, ruwa ne ke tsattsafowa ta cikin kankaren. In a saman ledar raɓa ta kwanta, iskar ɗakin ce mai laima, na'urar tsotse laima ta isa. Na farkon ne mai ciwon kai, kuma galibi daga waje matsalar take: ko indararo na zuba a gindin bango, ko ƙasa ta karkato wajen gida. Ana so ta gangara inci 6 cikin ƙafa 10 na farko daga bango. Ni a tsakiyar hunturu na yi gwajina, ƙasa a daskare, na ga ledar a bushe ƙayau, na shimfiɗa kafet. Da ƙanƙara ta narke a Afrilu, warin funfuna ya hana maiɗakina sauka, da wuƙa na yanyanka kafet ɗin na fitar. Yi naka bayan an sheƙa ruwa.

Sai gwajin radon, wata iska marar wari da ke tasowa daga ƙasa, wadda in ka cire taba sigari ita ce kan gaba wajen jawo kansar huhu. Kayan gwajin ba su da tsada. Da pikokuri ake auna yawanta a Amurka, a Kanada kuma da bekarel. A Amurka in awon ya kai pikokuri 4 a litar iska, a Kanada kuma in ya wuce bekarel 200 a mita kubik, ana ba da shawarar a sa bututu da fankar fitar da ita.

Daga nan ka nufi hukumar birni ka karɓi takardar izini. Dokar gini a yawancin jihohin Amurka tana son tsayin silin ya kai ƙafa 7. In kuma za a kwana a ɗakin, dole a sami tagar tsira daga gobara wadda babban mutum zai iya fita ta ciki, bakinta bai wuce inci 44 daga daɓe ba. Wannan taga yankan kankare take buƙata, ba aikin ɗan koyo ba ne.

Yanzu ga naka aikin. A can ba a yaɓa filasta kamar yadda birkila ke yi a gida. Bangon katako ake tsayarwa a gaban kankaren. Fara manna allon soso mai tauri, mai tare sanyi, a jikin kankaren da gam, ka liƙe mahaɗa. Kada ka jingina audugar gilashi, wadda ita ma don tare sanyi ake sawa, kai tsaye a kankare, takan riƙe danshi ta yi funfuna. Katakon da zai kwanta a daɓe ya zama mai maganin hana ruɓewa, na tsaye kuma ka jera su inci 16 daga tsakiyar wannan zuwa tsakiyar wancan, don allon jifsam da ake rufe bangon da shi, mai ƙafa 4 da 8, ya faɗa daidai. Daɓen ba ya taɓa zama daidai wa daida, saboda haka auna kowane katako daban kafin ka sa zarto.

Wayarin da famfo, kira masu lasisi. Sufeto zai zo ya duba kafin a rufe bango. In ka riga shi rufewa, yana iya sa ka ɓalle.

Wajen buga allon jifsam, ɗaga shi rabin inci daga daɓe don kada ya sha ruwa. Cike mahaɗar allunan da kwaɓin da ake yi don haka sau uku, kowane shafi ya bushe ka goge, sannan fenti. A daɓe ledar roba mai tauri ta fi kafet. Darduma ka shimfiɗa a kai, ranar da ta jiƙe ka naɗe ka shanya. Sa ƙararrawar hayaƙi da ta kabon monoksaid, wata iska mai guba marar wari, ka bar wa injin ɗumama gida sararin shan iska, sannan ka yanka 'yar ƙofa a daidai makunnin da ke tsayar da ruwan gida.