Kurakuran da aka fi yi wajen ambaton fuskoki biyu na wuƙar aljihu

Duk wanda ya taɓa kwatanta wa wani wuƙar aljihu ta waya, ko don ciniki ko don gyara, ya san inda magana take sarƙewa. Mai magana zai ce akwai tsaga a bayan wuƙar, mai sauraro kuma ya ɗauka gadon bayanta ake nufi, wato sashen da ba shi da kaifi, alhali ana nufin fuskar da take kwance a kan tebur. Wuƙa mai naɗewa tana da baki da gadon baya, tana da tsini da gindi, sannan tana da fuskoki biyu masu faɗi waɗanda ba iri ɗaya ba ne. Waɗannan fuskoki biyu suna da sunayen da maƙeran Turai da Amurka suka daɗe da tsayarwa.

Kuskuren da ya fi yawa a bakinmu shi ne kiran su gaba da baya. A Hausa bayan wuƙa ya riga ya sami ma'ana, domin idan aka ce an buga ƙashi da bayan wuƙa, kowa ya san da dakusasshen gefen aka buga. Gyaran shi ne a bar wa gadon baya kalmar baya, a riƙa cewa fuska idan ana nufin ɗaya daga cikin gefuna biyu masu faɗi.

Sunan fuska ta farko a Turance shi ne “mark side”, wanda ya dace a kira fuskar tambari, domin a nan maƙeri yake buga alamarsa a gindin ruwan wuƙa, kusa da ƙusar da take juyawa a kai. Tambari ba ƙaramin abu ba ne a wannan sana'a. A birnin Shafil na Ingila, majalisar dokoki ta kafa ƙungiyar maƙeran wuƙa a 1624, kuma tana cikin aikinta rajistar alamar kowane maƙeri, shi ya sa gidaje irin su Joseph Rodgers mai tauraro da kuros, da George Wostenholm mai alamar I*XL, suka shahara da tambarinsu kamar yadda suka shahara da ƙarfensu. A kan wuƙar gargajiya, wannan fuska ce kuma take ɗauke da gurbin farce, wato 'yar tsagar da ake saƙala farce a ciki a janyo ruwan, tare da 'yar garkuwar ƙarfe da ake dasawa a ƙota don ado. Ɗaya fuskar ana kiranta “pile side”. Kalmar “pile” ita ce sunan bayan tsabar kuɗi a tsohon Turanci, kuma har yau Faransawa suna cewa “pile ou face” idan za su jefa kwabo sama don raba gardama. Ni na fi son in kira ta fuskar ƙasa, saboda ita ce take kallon ƙasa idan aka ajiye wuƙa a faranti don mai saye ya gani.

Daga nan sai kuskuren dama da hagu, wanda ya fi na farko ɓarna saboda mai yin sa yana ganin kamar ya yi bayani sarai. Dama da hagu suna canzawa da yadda aka riƙe wuƙa: wanda ya juya bakin sama domin ya duba kaifi, damarsa ta zama hagun wanda ya riƙe ta baki a ƙasa. Ƙa'idar da ake bi ita ce a buɗe wuƙar, a riƙe ta kamar za a yanka abu, tsini yana kallon gaba, baki yana kallon ƙasa. A wannan riƙo fuskar tambari tana hagu a yawancin wuƙaƙen Turai da Amurka, kuma dalilin a fili yake, domin ita ce fuskar da mai riƙo da hannun dama yake gani. Idan a hoto ne, aka ga tsini yana nuna hagu, baki yana ƙasa, to fuskar tambari ake kallo. Na taɓa yin odar murfin ƙota guda ɗaya daga wani mai sayarwa na ƙasar waje, na rubuta masa cewa na dama nake so ba tare da na faɗi riƙon da nake nufi ba, bayan makonni sai ga murfin ɗaya gefen ya iso, ramukan ƙusoshinsa ba su hau ba. Laifina ne, ba nasa ba.

Wasu kuma sukan ɗauka duk fuskar da aka ga rubutu a kanta ita ce fuskar tambari. Wannan zato yana rushewa da zarar an ɗauki wuƙar Victorinox ta Siwizalan, kamfanin da Karl Elsener ya kafa a Ibach a 1884, domin gindin babban ruwanta yana da rubutu ciki da waje: sunan kamfani a fuska ɗaya, “Officier Suisse” a ɗayar. Abin da yake raba gardama a nan shi ne garkuwa mai kuros da take kan jan murfin, tare da gurbin farcen babban ruwa. Kamfanin Case na garin Bradford a Amurka, wanda tarihinsa ya faro daga 1889, ya fi wannan rikitarwa ga baƙo. Yana buga sunansa a fuskar tambari, kuma daga 1970 ya fara sa ɗigo goma a ƙarƙashinsa yana cire ɗaya kowace shekara, ta yadda mai ƙidaya ɗigo zai san shekarar ƙira. Lambar samfuri kuwa, irin 6254, takan zo a fuskar ƙasa ko a kan ƙaramin ruwa: 6 tana nufin ƙotar ƙashi, 2 tana nufin ruwa biyu, 54 kuma ita ce siffar wuƙar. Wanda ya turo hoton wannan lamba yana cewa ga fuskar tambari, ya ɓoye wa mai saye ɗigon da yake nema ba da niyya ba. Saboda haka ba yawan rubutu ake dubawa ba, sunan maƙeri ko alamarsa ake nema, kamar hannu mai kambi da Opinel ta Faransa take bugawa tun 1909.

A wuƙa mai ruwa biyu ko uku, babban ruwa ne yake ba da suna. Gurbin farcen ƙananan yana iya kasancewa a ɗaya gefen, kuma wannan ba ya canza komai.

Inda aka fi samun cakuɗa a yau shi ne tsakanin tsoffin sunaye da sababbi. Michael Walker ya inganta makullin da yake cikin ƙota a wajen 1980, wato wani falle na ƙarfe da yake tsallakowa ya tokare gindin ruwa idan an buɗe, Spyderco ta sa maƙalin aljihu a wuƙarta Worker a 1981, daga baya Chris Reeve ya mayar da rabin ƙotar kanta makulli a wuƙarsa Sebenza. Waɗannan canje-canje sun sa fuska ɗaya ta cika da kayan aiki, ɗayar ta zauna sumul don ado, sai aka fara cewa “show side” da “lock side”, wato fuskar ado da fuskar makulli. A wuƙar da aka ƙera wa mai hannun dama, fuskar ado ta yi daidai da fuskar tambari, fuskar makulli kuma ta yi daidai da fuskar ƙasa, amma kuskure ne a ɗauka sunayen suna musanyuwa ko'ina. Buck 110, wadda ta fito a 1964, makullinta yana gadon bayan ƙota ne, don haka ba ta da wata fuskar makulli. Wanda ya ambace ta ya ambaci abin da babu. Haka Okapi, wadda aka fara ƙerawa a Solingen ta Jamus a 1902 kafin a mayar da aikinta Afirka ta Kudu a 1988, da zobe ake ɗaga makullinta daga gadon baya. A irin waɗannan sai a koma ga tsoffin sunaye. Kiran fuska da sunan maƙalin aljihu ya fi duka rauni, domin wuƙaƙe kamar Delica 4 suna da ramuka a wurare huɗu, mai ita yana iya kwance maƙalin ya mayar da shi inda ya ga dama. Wuƙar da aka ƙera wa bahago kuma tana juya lissafin duka, makulli ya dawo hagu, ado ya koma dama, shi ya sa ya wajaba a faɗi cewa ta bahago ce tun kafin a ambaci fuska.

Akwai wuƙar da fuskar adonta ta shafi ƙasar da muka sani. Douk-Douk, wadda gidan Cognet na garin Thiers a Faransa ya fara ƙerawa a 1929, tana da hoton wani dodo na tsibiran Melaneshiya a ƙotarta, amma samfurinta mai suna El Baraka, wanda aka yi domin kasuwannin Musulmi, an zana masa kuros ɗin Agadas a madadin hoton. Mai neman sanin wane samfuri ne a hannunsa, wannan fuskar zai duba.

Kada kuma a ɗora ƙa'idar Turai a kan wuƙaƙen Japan masu wasa gefe ɗaya. Su sunayensu “omote” da “ura” ne, kuma ga mai hannun dama “omote”, wadda aka wasa kuma galibi take ɗauke da sunan maƙeri, tana dama ne, yayin da “ura” mai ɗan zurfi take hagu. Wanda ya kai irin wannan wuƙa wurin mai wasa ya ce a gyara fuskar tambari, mai wasan kuma ya ɗauka hagu ake nufi, zai iya dawowa ya tarar an goge masa zurfin da aka yi da gangan. A wurin mai wasa ya fi kyau a ɗora yatsa a kan fuskar da ake nufi, a rubuce kuwa a haɗa da hotuna biyu, na farko tsini yana hagu, na biyu tsini yana dama, baki yana kallon ƙasa a dukansu.