Yadda na magance daskarewar waifa a motar lantarki

Ga 'yan Katsina da karatu ya kai Kanada: sanyin can ba irin hunturun gida ba ne. Motar lantarki ba ta da injin da zafinsa ke ɗumama ƙasan gilashi, shi ya sa ƙanƙara ke manne waifa.

Ina kunna hita ta manhajar waya minti 15 kafin fita, tun motar tana jone da caja don kada cajin batir ya ragu, iskar na bugun gilashi. Na kashe waifa mai tashi da kanta, domin in ta motsa a daskare roba kan yage, wani lokaci fis ya ƙone. Ruwan wanke gilashi kuwa na sauya zuwa mai jure sanyin digiri −40. Ruwan zafi kada ma a gwada, gilashin na iya tsagewa.